Kowane Launi da Katakonsa: Yadda Japanawa Suka Buga Sama da Teku a Kan Takarda

A ranar 3 ga Yulin 2024 Babban Bankin Japan ya fitar da sababbin takardun kuɗi, a bayan takardar yen 1,000 kuma aka sa wani hoto da duniya ta daɗe da sani: raƙumin ruwa ya miƙe sama ya tanƙwaro zai rufta wa masu kwale-kwale, ga Dutsen Fuji can nesa ya ƙanƙance. Ko wanda bai taɓa jin sunan Katsushika Hokusai ba, da wuya a ce bai ci karo da hoton nan ba a jikin riga ko bangon littafi ko fuskar waya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba da buroshi aka zana shi a kan takarda ba. Buga shi aka yi daga allunan katako da aka sassaƙa, launi bayan launi, wajen shekarar 1831 a birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo. An buga dubbai, ana sayar da kowane ɗaya a kan abin da bai wuce kuɗin kwano biyu na taliyar soba ba. A watan Maris na 2023 an sayar da guda daga cikin waɗanda suka tsira a gwanjon Christie's na New York a kan dala miliyan 2.76.

Dabarar kanta tsohuwa ce, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai yanka hatimi a bakin kotu ko sakatariya ya ga ainihinta: a kwashe inda ba a so ya fito, a bar inda ake so a tsaye, a shafa tawada, a danna a takarda, komai kuma a juye ake yanka shi don ya fito daidai. Da wannan hanya mutanen Sin suka buga wani littafin addinin Buda mai ɗauke da kwanan watan shekarar 868, wanda yanzu yake ajiye a Laburaren Birtaniya da ke Landan. Muddin baƙi ne kaɗai, aikin ba shi da sarƙaƙiya sosai. Wahala tana farawa ne ranar da aka ce ana son sama ta fito shuɗiya, ciyawa koriya, rufin gida ruwan ƙasa. Abin da aka shafa wa katako shi zai mayar, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Don haka kowane launi sai an sassaƙa masa nasa allon, takarda guda kuma sai ta bi allunan ɗaya bayan ɗaya, sau takwas, sau goma sha biyu, wani lokaci fiye da ashirin, ba tare da ta goce ko da kaurin gashi ba. In ta goce, sai koren bishiya ya bar jikin bishiyar ya hau sama.

Japanawa sun jima kafin su shawo kan wannan. A ƙarshen ƙarni na 17 baƙi zalla ake bugawa, in ana son launi a bi hotunan ɗaya-ɗaya da buroshi. Wajen shekarun 1740 aka fara buga ruwan hoda da kore daga alluna daban. Sai a 1765, lokacin da wasu masu hali na Edo suka shiga gasar yi wa juna kyautar hotunan kalanda, ba su damu da abin da za su kashe ba, mai zane Suzuki Harunobu da masu aikin da ke tare da shi suka fitar da hotuna masu cikakken launi. Abin da ya warware matsalar ba wata na'ura ba ce. Tsaga biyu ne a gefen allo, ɗaya mai kusurwa inda ƙuryar takarda za ta zauna, ɗaya miƙaƙƙiya inda gefenta zai jingina. Suna kiran su kento. Ana yanka su a wuri guda a kan kowane allo na hoton, mai bugu ya riƙe takarda tsakanin yatsunsa, ya dangana ta da tsagogin biyu, ya sake ta ta kwanta. Shi ke nan. Da wannan 'yar dabara aka yi ta aiki har yau.

Hannu huɗu a kan hoto ɗaya

Sunan mutum ɗaya ake karantawa a ƙasan hoto a gidajen tarihi, amma mutum huɗu ne suka haɗu kafin ya wanzu. Akwai mai shagon da ke wallafawa, wanda shi ke zuba kuɗi, ya zaɓi abin da za a zana, kuma allunan nasa ne. Akwai mai zane, akwai masassaƙi, akwai mai bugu.

Mai zane yana miƙa zanensa na baƙar tawada a kan siririyar takarda. Bayan jami'an tace hotuna sun sa masa hatimi, wanda ya zama tilas tun wajen 1790, masassaƙi zai kifa zanen a kan allon itacen ceri na dutse, ya manna shi, ya murje bayan takardar har layuka su bayyana, sannan ya bi kowane layi da wuƙa ta gefe biyu, ya kwashe sauran da cizal. Ma'ana, zanen asali na hannun mai zane yana mutuwa ne a ƙarƙashin wuƙa. Abin da ya rage shi ne yadda masassaƙi ya fahimce shi. Daga wannan allon layi ake buga gwaji da yawa, a mayar wa mai zane, shi kuma ya nuna a kan kowace takarda inda launi guda zai shiga: wannan ta shuɗi mai duhu, wannan ta rawaya, waccan ta toka. Kowace takarda ta zama sabon allo. Saboda itacen ceri yana da tsada, gaba da baya ake sassaƙa shi, in kuma launi biyu sun yi nesa da juna a hoto sai a haɗa su a fuska ɗaya.

Daga nan aiki ya koma hannun mai bugu, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Yana zaune a ƙasa, allo a gabansa a ɗan karkace. Takardarsa daga ɓawon bishiyar kozo aka yi ta, mai dogayen zaruruwa, an shafe ta da ruwan gam da alif don kada launi ya malale, an kuma jiƙa ta sama-sama tun daren jiya. Danshin nan dole ya tsaya daidai daga bugun farko zuwa na ƙarshe, domin in takarda ta bushe za ta tsuke, launi na gaba ba zai faɗa mazauninsa ba. Launinsa na ruwa ne, ba na mai ba. Yana ɗiga shi a kan allo tare da ɗan ƙullun shinkafa, ya baza da buroshin gashin doki da aka goge bakinsa a fatar kifin shak har ya yi laushi. Ba shi da injin matsewa. Abin da yake da shi shi ne baren, wani faifai da ke cika tafin hannu, cikinsa igiya ce da aka tufka daga ɓawon gora aka naɗe, aka lulluɓe da wani ɓawon gorar. Da shi yake murza bayan takarda da ƙarfin kafaɗa har launi ya shige cikin zaruruwan, ba ya zauna a bisa kawai ba. Shi ya sa in ka juya tsohon hoton Japan za ka ga launin ya huda ta baya, har da sawun murzar.

Akwai wani abu da allo ba zai iya yi ba sai hannu. Sama ba launi ɗaya ba ce. Tana da duhu a can bisa, tana washewa tana gangarowa. Ruwa ma haka. Don samun wannan, mai bugu yana goga jiƙaƙƙen tsumma a ɓangaren allo, ya sa launi a gefe ɗaya na buroshi, ya yi ta kai da kawowa har launin ya narke cikin danshi ya ɓace a hankali. Sunan dabarar bokashi. Ba a sassaƙa ta, ba a ajiye ta; kowace takarda sai an sake yi mata daga farko. In zubin farko takarda 200 ne, kamar yadda aka saba, to sau 200 zai narkar da wannan sama, kuma ana so su yi kama da juna.

Wannan ne ya sa nake ganin duk mai kallon hoton shimfiɗar ƙasa na katako ya kamata ya san inda zai aje godiyarsa. Layi yana gaya maka wane wuri ne: ga gada, ga dutse, ga hanya. Amma ko asuba ce ko magariba, ko hadari ne ya haɗo ko an ɗauke ruwa, ko sanyi ake yi, launi ne ke faɗa, launin kuma a hannun mai bugu yake.

Shuɗin da ya zo daga Berlin

Kafin Hokusai, hotunan katako na Japan na 'yan wasan kwaikwayo ne da kyawawan mata da 'yan kokawa. Shimfiɗar ƙasa tana can baya, a matsayin bango. Dalilai sun haɗu suka jawo ta gaba. Mutane sun soma yawan tafiye-tafiye, har a 1830 miliyoyi suka yi tattaki zuwa wurin bauta na Ise, kuma wanda ya je yana son abin tunawa, wanda bai je ba yana son ya gani. Amma akwai dalilin da ya fi wannan kusa da teburin aiki: babu shuɗi mai kyau. Wanda ake samu daga furen wata ciyawa yana kwashewa da zarar haske ko danshi ya taɓa shi, shi ya sa a tsofaffin hotuna da yawa inda aka buga shuɗi yau toka-toka ake gani. Baba kuma ya fi daɗewa, sai dai ba shi da haske sosai a kan takarda. Ƙasar da teku ya kewaye, ga sama ga koguna, ba za ta zanu ba in babu shuɗi.

Wajen 1706 wani mai haɗa launi a Berlin mai suna Diesbach ya samo wani shuɗi na sinadari ba da niyya ba. A lokacin Japan ta taƙaita hulɗa da ƙasashen waje, 'yan kasuwar Holan da na Sin ta tashar Nagasaki kaɗai suke shigowa, ta nan kuma shuɗin ya riƙa ɗigowa da tsada. Sai a ƙarshen shekarun 1820, da aka fara yin sa a Sin, farashinsa ya faɗi har masu hotunan kasuwa suka iya saya. Garinsa yana da laushi, yana narkewa daga duhu ƙirin zuwa haske kamar ruwa, ba ya saurin kwashewa. Mai shago Nishimuraya Yohachi ya ga kasuwa a nan. A tallar da ya fitar a 1831 ya sanar da jerin hotuna 36 na Dutsen Fuji daga hannun Hokusai, ya kuma jaddada cewa da shuɗi za a buga su. Hokusai yana da shekara kusan 70 a lokacin. Jerin ya karɓu har aka ƙara goma, suka zama 46.

Wasu daga cikin na farko kusan shuɗi ne zalla. A hoton Kajikazawa, inda masunci ke tsaye a kan tsinin dutse yana jan igiyoyin komarsa, bugun farko ba shi da wani launi sai shuɗi mataki-mataki, kuma wannan ya isa ya sa ka ji sanyin asuba. Daga baya ne aka ƙara masa wasu launuka. Ko layukan hotuna 36 na asali ba da baƙi aka buga su ba, da shuɗi ne, sai goman da aka ƙara suka koma baƙi. Binciken da masana suka yi a kan hoton raƙumin ruwan ya nuna an haɗa sabon shuɗin da tsohon baba, irin rinin da ake tsoma zane a ciki a marinar Ƙofar Mata, ko da yake Japanawa daga wani tsiro daban suke samun nasu. An kuma buga wasu wurare sau biyu don cikin ruwan ya yi zurfi. Wata mai bincike a Gidan Tarihin Birtaniya, Capucine Korenberg, ta bi diddigin kwafe sama da 100 na asali da suka rage a duniya, tana jera su bisa yadda layukan katako suka riƙa karyewa da yawan bugu. A na farko-farko layi yana da kaifi, sama tana da ɗan launi mai laushi da siffar gajimare a fili. A na baya itace ya gaji, an ma sake wasu allunan.

Hoton da ya fi nuna ƙarfin launi a jerin, a ganina, shi ne wanda ake kira Jan Fuji. Babu mutum, babu gida, babu jirgi. Dutse ne mai tsayin mita 3,776 shi kaɗai, da sama, da kurmi a gindinsa, launuka kuma ba su wuce shuɗi da kore da ja ba. A bugun farko jan ba ja ba ne sosai. Ruwan hoda ne mai laushi, har ana ganin jijiyoyin katako a jikin dutsen, irin hasken da ke taɓa shi na ɗan lokaci da hudowar rana a ƙarshen bazara. A bugun baya, wanda ya fi yawa kuma duniya ta fi sani, jan ya yi kauri ya koma kamar jar ƙasa. Allo bai canza ba, layi bai canza ba, amma hoto biyu ne daban. Na farkon yana nuna wani lokaci ne da zai wuce, na biyun yana nuna dutse mai ja.

Ruwan saman Hiroshige

Utagawa Hiroshige, wanda aka haifa a 1797 a gidan masu aikin kashe gobara na Edo, ya biyo baya da jerin zangunan Tokaido a 1833 zuwa 1834: zango 53 na hanyar da ta haɗa Edo da Kyoto, kusan kilomita 500, da mafari da ƙarshe, hotuna 55. Hokusai mutumin siffa ne, mai son kusurwa da da'ira. Hiroshige mutumin yanayi ne, shi ya sa ya fi dogara da mai bugu. A zangon Shono ruwa yana tsuga a karkace, matafiya suna gudu, a baya kuma layi biyu na gora sun sunkuya wa iska, na kusa da toka mai duhu, na nesa da toka mai haske. Nisan da ke tsakaninsu ba a zana shi ba, yawan ruwan da aka sa a tawada ne ya samar da shi. A zangon Kanbara dare ne da dusar ƙanƙara, alhali garin yana gaɓar teku mai ɗumi inda dusar ba ta cika sauka ba. Farin kuma takarda ce tsagwaronta da aka bari. Akwai bugun da duhun sama yake can bisa, akwai wanda duhun yake ƙasa bayan gidaje, kuma daren da ke cikin kowannensu daban yake.

A jerinsa na sanannun wurare ɗari na Edo, wanda aka fara a 1856, akwai hoton ruwan da ya ɓarke wa mutane a kan gadar Ohashi. Masassaƙi ya yanka ruwan da siraran layuka kashi biyu, kowane kashi da ɗan bambancin karkata, aka buga ɗaya da duhu ɗaya da haske, sai ruwan ya yi gaba da baya, ya cika sarari. Ka tuna cewa a wannan sana'a layi shi ne abin da aka bari a tsaye: kowane zaren ruwa sai an kwashe itace hagunsa da damansa ba tare da ya karye ba. Baƙin hadarin da ke bisa kuma ba shi da allo mai siffarsa. Mai bugu ne ke tsara shi da hannu a kan kowace takarda. Hiroshige ya rasu a annobar kwalara ta 1858, jerin yana kan fitowa. A 1887 Vincent van Gogh ya kwaikwayi wannan hoto da fentin mai a Paris, Claude Monet kuma ya tara hotunan Japan sama da 200 a gidansa na Giverny.

Tsakanin waɗannan jeri biyu gwamnati ta sa baki a harkar launi. A 1842, cikin dokokin tsuke bakin aljihu, an hana hotunan 'yan wasa da matan gidajen shaƙatawa, an ce launi kada ya wuce bakwai ko takwas, farashi kuma kada ya haura mon 16 na kuɗin wancan zamani. Dokar ba ta daɗe da ƙarfi ba, amma tana nuna yadda hukuma ta ɗauki yawan launi a matsayin almubazzaranci. Masu aikin kuwa sun riga sun san hanyar samun da yawa daga kaɗan. Tun da launin ruwa ne, ana hango na ƙasa ta cikin na sama: shuɗi a kan rawaya ya ba da kore, ja a kan shuɗi ya ba da shunayya, shuɗi a kan shuɗi ya ba da zurfi.

Su wane ne waɗannan mutane? Yawancinsu ba a san sunansu ba. Hokusai da kansa ya san darajarsu. A wasiƙun da ya aika wa masu wallafawa a tsakiyar shekarun 1830 ya nemi a ba masassaƙi Egawa Tomekichi aikinsa, ya kuma yi ƙorafin yadda wasu ke yanka ido da hanci da salon da ba nasa ba. Masassaƙa kaɗan sun samu an sa sunansu a gefen hoto, masu bugu kuwa sun fi kowa ɓacewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gardin a nan ba ma mai zane ba ne, domin Hokusai ya yi yawancin rayuwarsa cikin rashi. Mai shago ne ke da alluna, yana iya sake bugu da launin da ya ga dama, yana iya rage launi don ya rage kashewa, yana iya sayar da allunan ga wani.

Allo ɗaya, yini guda

Da kyamara da injinan ɗab'i suka shigo a ƙarshen ƙarni na 19, sana'ar ta durƙushe. Wanda ya ɗaga ta shi ne wani ɗan kasuwa, Watanabe Shozaburo, wanda wajen 1915 ya sake haɗa mai zane da masassaƙi da mai bugu don yin sababbin hotuna. Kawase Hasui ya fara yi masa hotunan shimfiɗar ƙasa a 1918, ya kuma yi sama da 600 kafin rasuwarsa a 1957, da yawa daga ciki na dare da ruwan sama da dusar ƙanƙara. Girgizar ƙasar 1 ga Satumban 1923 da gobarar da ta biyo baya sun cinye shagon Watanabe da allunansa, suka sake farawa daga tushe.

Yoshida Hiroshi ne ya kai maganar launi ƙarshenta. Ya buɗe nasa wurin aiki a 1925, yana tsaye a kan masassaƙa da masu bugu, wasu hotunansa kuma sun sha bugu kusan ɗari. A 1926 ya fitar da hoton jiragen ruwa masu tafiya da iska a tekun Seto har iri shida daga alluna guda: safiya, hantsi, bayan azahar, maraice, dare, da hazo. Jiragen suna nan inda suke, babu layin da ya motsa. A na safe rana tana bayansu, ruwa yana ƙyalli. A na hazo sun kusa narkewa. A na dare sai 'yan fitilu. Haka ya yi da gunkin Abul Haul na Masar, ɗaya da rana tsaka, ɗaya da dare. Wanda yake shakkar cewa launi ne ke ɗauke da lokaci a irin wannan aiki, ya jera shidan nan ya duba.

Ba kowa ya yarda da rabon aikin ba. Tun 1904, da Yamamoto Kanae ya fitar da hoton wani masunci da ya sassaƙa da hannunsa, wasu masu zane suka dage cewa mutum ɗaya ya zana, ya yanka, ya buga. A Turai ma haka aka fi karkata, musamman bayan an gano cewa lino, wato shimfiɗar daɓe da Frederick Walton ya ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1860, yana yankuwa cikin sauƙi kuma ba shi da tsada. Daga nan wata hanya ta yaɗu, wadda Pablo Picasso ya shahara da ita tun 1959 tare da mai bugu Hidalgo Arnéra a garin Vallauris na Faransa, ko da yake ba shi ya fara ta ba. Allo ɗaya ne tak. Ka kwashe inda zai zauna fari, ka buga launi mafi haske a kan dukkan takardunka. Ka koma allon nan ka kwashe inda kake so wannan launin ya tsira, ka buga na biyu a kansa. Haka za ka yi ta cinye allon har ya rage 'yan tsibirai na launi mafi duhu. Ga mai hoton shimfiɗar ƙasa tsarin ya zo daidai, domin abin da ke nesa shi ya fi haske: sama da farko, sai duwatsun can, sai gonaki, sai bishiyar da ke gabanka. Amma babu komawa baya. In ka fara da takarda ashirin, biyar suka lalace a hanya, sha biyar ke nan har abada, kuma ba za ka taɓa yin abin da Yoshida ya yi ba, domin allon da zai ba ka maraice ya riga ya tafi wajen yin safiya. Ni dai na fi ganin girman hanyar alluna da yawa saboda wannan, ko da yake ta fi cin itace da lokaci.

Sana'ar ta iso Najeriya ta makarantun zane, Zariya kuma tana da kaso a tarihinta. Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, ya shiga kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1957, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, ya kuma zama fitaccen mai buga hoto na ƙasar nan, da lino da wasu dabarun da ya ƙirƙiro da kansa. A shekarun 1980 ya yi jerin ayyuka a kan yankin Sahel da gurgusowar hamada. Ina ganin ƙasarmu tana da abin da wannan sana'a ta fi iyawa. Dutsen Kufena a cikin hazon hunturu, inda nesa ke ɓacewa mataki-mataki, ko hadarin gabas a watan Yuni da ja a ƙasansa da baƙi a bisa, aikin narkar da launi ne tsantsa, kuma ɗalibi yana iya farawa da guntun lino da wuƙa da bayan cokalin katako.

A Japan har yau ana yi. Cibiyar Adachi da ke Tokyo, wadda ta faro a 1928, tana sake sassaƙa tsofaffin hotuna tana buga su da hannu, tana kuma horar da matasa, a 2007 kuma gwamnati ta sa bugun katako na Edo cikin jerin sana'o'in gargajiya da take karewa. Sai dai barazanar ba a teburin mai bugu kaɗai take ba. Manyan allunan ceri na dutse sun yi wuya, har da yawa sun koma manna siririn ceri a kan fale-falen katako. Baren na ainihi yana ɗaukar watanni kafin a gama guda, masu yin sa kuma 'yan kaɗan ne. Takarda mai jure bugu ashirin ko talatin tana fitowa ne daga ƙananan gidajen aiki irin na Echizen a lardin Fukui, inda aka ayyana Iwano Ichibei na tara a matsayin taskar ƙasa mai rai a 2000. Masu yin takardar Japan da yawa kuma suna buƙatar yauƙin saiwar wani tsiro ɗan'uwan kuɓewa, tororo-aoi, don zaruruwa su bazu daidai a cikin ruwa. A 2019 manoman lardin Ibaraki, waɗanda su ke noma mafi yawansa, suka ce tsufa ya kama su, aikin ya yi musu nauyi, suna shirin ajiyewa, sai da masu takarda suka tashi neman waɗanda za su karɓi noman.